Lambar da Ba Ta Fito Ba

Motar ba ta gama fita daga tashar Anka ba Malam Makau ya sake naɗe hannun rigarsa na hagu har kafaɗa. Ya zaro wani gutsuren madubi daga aljihu, ya karkata shi ta nan, ya karkata shi ta can, yana duban damtsensa. Tsohuwar lambar rigakafin agana tana nan inda take tun yana yaro, zagayayya kamar an ɗora kwabo mai zafi an ɗauke. A ƙasanta kuwa, inda aka soka masa allurar korona har sau biyu, fata ce kawai sumul, ko cizon sauro babu.

Sambo direba ya hango shi ta madubin mota. Ya ce, "Baba Makau, wagga kwalliya hwa? Ko akwai wadda ka aje Gummi ba mu sani ba?"

Fasinjoji suka yi dariya. Makau ya yi murmushi, ya mayar da madubin aljihu, amma bai sauke hannun rigar ba.

Sambon nan ne ya kawo masa saƙo da hantsi, domin a watannin nan an yanke layukan waya a yankin gaba ɗaya saboda 'yan bindiga, magana ta koma tafiya a bakin direbobi kamar zamanin da. Ya same shi a lambunsa na bakin fadama yana ɗaura wa wani ɗan mangwaro aure. Sana'ar Makau ke nan shekara arba'in: ya yanko reshen mangwaro mai zaƙi, ya tsaga ɗan dashe, ya cusa, ya naɗe da leda, ya jira toho. Saƙon daga Hawwa'u ne, 'yar yayarsa Baraka da ke Gummi. Ta ce a gaya wa Kawu mahaifiyarta ta bar cin abinci, sunansa kawai take kira. In zai zo, ya zo yau.

Wata biyu da rabi ke nan Baraka tana kwance da ciwon ƙirji, kuma wata biyu da rabi ke nan ƙanenta, wanda su biyu kaɗai suka rage a cikin 'ya'yan mahaifiyarsu Inna, bai taka ƙofar ɗakinta ba. Tun farkon ciwon likita ya ce huhunta ya yi rauni, ko mura aka kawo mata za ta iya tafiya da ita, balle wannan annoba da ke yawo. Hawwa'u ta aika wa dangi cewa duk mai son zuwa dubiya ya fara yin rigakafi. Wasu suka ji haushi, wasu suka ce wannan fi'ilin 'yan boko ne. Makau kuwa washegari da sassafe ya je ƙaramin asibitin Anka, ya miƙa damtse, aka soka masa, aka ba shi kati. Ya koma gida ya zauna jiran lamba ta fito.

Ya san yadda abin yake tafiya, domin an taɓa yi masa. Kwana uku wurin ya yi ja. Kwana bakwai ya taso ya ɗuri ruwa. Daga nan ya yi ɓawo, ɓawon ya faɗi, tabo ya zauna har kabari. In ba haka ba, ba ta kama ba, sai an sake. Ya jira mako ɗaya, ya jira uku, ya jira bakwai. Ko da ya ji samari a majalisa suna cewa ƙarfe na mannewa a inda aka yi allurar, sauran mutane suka tsorata, shi murna ya yi, ya ce ashe ga alamarta. Ya shiga ɗaki ya gwada cokali, ya gwada ƙusa, ya gwada 'yar wuƙarsa ta aiki. Duk suka zube ƙasa. Sai ya ɗauki sandarsa ya hau mota zuwa Bukkuyum, yana tunanin wataƙila maganin Anka ne ya kwana ya salance. Aka sake soka masa, aka ba shi wani katin. Mako uku ke nan da wannan, ga damtsen nan kamar na jariri.

Mota ta miƙe hanya. Kaka ce, an yanke gero an jingina dammuna a gonaki, daga nesa kamar mutane ne suka tsuguna suna shawara. A wasu gonakin kuma dawa ce tsaye ta nuna har ta sunkuya, babu mai zuwa yanka, masu ita sun gudu gari. Sojoji suka tsayar da su a shinge, suka leƙa, suka ɗaga musu hannu. Wata mata a kujerar baya tana ba da labarin wani da aka yi wa allurar ya kwana uku yana mafarki da Turanci. Makau ya so ya tambaye ta me mutumin ya gani a mafarkin, amma iskar taga ta riga ta fara lallashinsa, kansa ya jingina da ƙarfen ƙofa.

Sai ga tsamiyar ƙofar gidan mai gari, wadda aka sare tun kafin ya yi aure. Ga dubagari, ma'aikacin lafiya, da farin wando da hular kwano, ga kekensa jingine, ƙararrawar tana walƙiya. Ana kamo yara ana jera su, ana karce musu damtse, ana ɗiga wani ruwa. Mata a bayan danga suna salati. A wancan zamani iyaye mata sun san maganin abin: da an sako yaro sai a ja shi ɗaka, a matse lemun tsami a wurin a goge da tsumma, lamba ta mutu, ba kumburi ba zazzaɓi. Makau yana ganin kansa yana gudu zuwa gidan maƙwabta, Inna ta aike shi. Yana jin ƙayar lemun tana yagar masa yatsa. Ga lemun a tafin hannunsa, kore shar, ga shi an raba shi biyu. Ga wani ɗan siririn hannu, ruwan lemu na gangarowa ta gwiwarsa yana ɗiga ƙasa. Ga kukan Barau, ƙanensa, ɗan shekara huɗu, kuka mai shiɗewa.

Lambar Makau ta fito. Hannun Barau bai nuna komai ba. Da rani ya zagayo agana ta shigo gari, ta bi gida gida. Ta kama Baraka, wadda ba ta nan ranar dubagari, ta sake ta da zanzana a fuska. Ta kama Barau ba ta sake shi ba. Ta wuce Makau kamar ba ta gan shi ba. Inna ba ta sake ambaton ranar nan ba har ta koma ga Allah, shi ma bai taɓa tambayar kowa ba. Me zai tambaya? Shi ya tsinko lemun. A lambunsa akwai mangwaro iri tara, akwai gwaiba, akwai kashu, har da wani icen da wani Bayarabe ya ba shi wanda bai san sunansa ba, amma babu lemun tsami ko ɗaya. Ko a kunu aka matsa masa, sai ya ƙi sha, ya ce haƙori ne ke damunsa.

"Daki Takwas, akwai mai sauka?" Muryar Sambo ta dawo da shi. Ya taɓa damtsensa. Ya riga ya yanke shawara tun a lambu: zai gwada na Gummi. In Allah ya sa ta nuna ko ɗan ja ne kafin la'asar, sai ya shiga wurin Yaya. Ya kai wa ɗaya ajali da hannunsa, ba zai kai wa ta biyu da numfashinsa ba.

A harabar wani ƙaramin asibiti a Gummi aka kafa tebur ƙarƙashin dogon yaro. Ma'aikaciya ɗaya ce a wurin, mace mai ƙiba da farin gilashi, ga akwatin sanyi a gefenta, ga benci babu kowa sai wata akuya da ta kwanta a ƙarƙashi. Sunanta Zipporah, mutuniyar Zuru ce, ta shekara goma sha ɗaya tana aiki a garin. Ganin tsoho ya nufo ta da hannun riga a naɗe ya sa ta gyara zama.

"Sannu da zuwa, Baba. Yau kai ne na huɗu tun safe. Da kowa kamar kai ne da na huta da yawon roƙo. An taɓa yi maka?"

"An yi, ɗiyata, amma ba ta kama ba."

"Ba ta kama ba kamar yaya?"

Makau ya zaro leda daga aljihun gaba, ya warware ta a hankali, ya shimfiɗa katuna biyu a kan tebur. Zipporah ta ɗauki ɗaya, ta ɗauki ɗayan, ta ɗaga gilashinta ta sake dubawa.

"Wannan na Anka, allurar farko. Wannan na Bukkuyum, shi ma allurar farko. Baba, da suka tambaye ka a Bukkuyum ko an taɓa yi maka, me ka ce?"

"Na ce a'a."

"Ka yi musu ƙarya ke nan."

"Ban yi ba. Reshen da bai kama ba, ba a ƙidaya shi cikin itace." Ya matso da damtsensa kusa da ita. "Duba nan. Wagga ta dubagari ta, shekara sittin da wani abu. Ita ta kama. To duba ƙasa. Mi kinka gani?"

Dariya ta taso mata, ta kai hannu baki. Amma da ta dubi fuskar tsohon sai dariyar ta koma. Ta sa yatsa ta shafa tsohon tabon.

"Mamata tana da irinta," in ji ta. "Muna yara mukan ce wata ne ya faɗo mata a hannu. Baba, waccan a kan fata ake karce ta, shi ya sa take fitowa a fata. Wannan cikin nama ake kai ta. Ba ta barin tabo. Ni ma an yi mini, ga hannuna."

"Ƙila ke ma taki ba ta kama ba."

"To, Allah ya kyauta. Bari in tambaye ka. Da aka yi maka ta Anka, ka ji wani abu?"

Makau ya yi tunani. "Kwana biyu hannun kamar an rataya mani dutsen niƙa. Da dare na yi ɗari. Na yi mafarki mangwarona duka sun tashi suna tafiya Bagega a jere, ni ina bin su da wuƙa ina ba su haƙuri."

"To, kamawar ke nan. Ta yi lambarta a ciki."

"Wa ya gani?"

"Babu wanda ya gani. Ba a gani."

Ta ƙirga kwanakin da ke kan katunan da bakin biro, leɓenta na motsi. Ta girgiza kai. "Ka san wani abu? Dama sau biyu ake yi, kuma iri ɗaya aka yi maka. Tazarar ma ta yi daidai. Da akwai sabis da sun gan ka a na'ura sun rubuta ta biyu. Ka yi kuskure, kuskuren ya faɗa kan hanya. Ka gama, Baba." Ta kwafe abin da ke katin Bukkuyum zuwa na Anka, ta haɗa su da ƙaramin ƙarfe.

"Ki ƙara mani ɗaya dai. Ga su nan cikin akwati, ba mai so."

"Ba zan ƙara ba. Ba tuwo ba ne."

"To ki karce wurin da bakin allura, ko ɗan kaɗan, yadda zai tashi."

"In yi maka tabon ƙarya? Kai da ka ce ba ka ƙarya?"

Makau ya sunkuyar da kai. Akuyar ta tashi ta yi miƙa ta tafi. Can ya ce, a hankali, kamar da teburin yake magana, "Yayata na kwance unguwar bakin gulbi. An ce yau ko gobe. Wata biyu da rabi ban shiga ba. Ina tsoron in kai mata."

Zipporah ta cire gilashin ta ajiye. "Kana tari? Zazzaɓi? Kana jin ƙanshin abinci?"

"Tun daga ƙofa na ji ana suyar ƙosai bayan katangar nan, kuma man ya ƙone."

"Hancinka ya fi nawa." Ta buɗe jaka ta ciro sabon takunkumin fuska, ta zagayo ta ɗaura masa da kanta, ta gyara igiyar a bayan kunnensa. "Ban ce maka babu abin da zai iya faruwa ba, wannan na Allah ne. Amma abin da mutum zai yi ka yi shi, har ka so ka zarce. Ka wanke hannu a ƙofa, ka bar wannan a fuskarka. Tashi ka tafi, Baba. Allurar nan za ta jira wani, yayarka ba za ta jira ba."

Ya yi godiya, ya naɗe katunansa a leda. Ya fita yana jin maganarta ta shiga kunne amma ba ta sauka ƙirji ba. Shekara arba'in yana ɗaura aure a lambu, bai taɓa ganin reshen da ya kama ya ɓoye tohonsa ba.

Ya bi ta cikin gari a ƙafa. Rana ta karkata, inuwar katangu ta fara tsawo. Numfashinsa na dawo masa da ɗumi a cikin takunkumin, sai ya ji kamar yana tafiya a cikin wani ɗaki ƙarami da ke bin sa duk inda ya nufa. A wata kwana ya ga mai tura baro da tulin lemun tsami, ya kawar da kai ya tsallaka ɗaya gefen.

Hawwa'u ce ta fito da ya yi sallama. Ta rame, idanunta sun faɗa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta kawo buta da sabulu, ya wanke hannu har gwiwa kamar mai alwala. Ta yi gaba zuwa ɗakin da ke ƙuryar gida, ta ɗaga labule. Da ta waiwayo sai ta ga ya tsaya a tsakar gida, kusa da turmi.

"Kawu, shigo mana."

"Daga nan ma tana ji na. Ki ce mata na zo."

"Kawu, an yi maka allurar ko ba a yi ba?"

"An yi. Ba ta nuna ba."

Hawwa'u ta buɗe baki za ta yi magana, sai wata murya ta fito daga cikin ɗakin, siririya, tana tsayawa tsakanin kalma da kalma don neman iska.

"Makau na?"

"Ni na, Yaya. Ya jiki?"

"Jiki ya gama nashi. Mi kake yi waje kamar mai bin bashin gishiri?"

"Lambar ta ba ta fito ba, Yaya. Ina tsoron in shigo maki da wani abu."

Sai tari mai tsawo ya biyo baya. Sannan muryar ta dawo, har da ɗan sautin dariya a cikinta. "Kai kana jiran lamba, ni ina jiran Mala'ika. To mu gani wa za ya riga zuwa. Shigo, don Allah, wuyana ba ya juyawa."

Makau ya dubi damtsensa sau ɗaya. Ya sauke hannun rigar, ya cire takalmi, ya yi bismilla ya shiga.

Ɗakin yana ƙanshin man zafi da turaren wuta. Baraka tana kishingiɗe a kan matasai uku, ta zama ƙarama kamar yarinya. Hasken taga ya sauka a fuskarta, ramukan zanzana suka fito ɗaya ɗaya kamar sawun yayyafi a kan rairayi. Ya zauna a bakin gado. Ta laluba ta kama hannunsa, ta tura yatsunta cikin hannun rigar har suka sami tsohon tabon, suka tsaya a kai.

"Ga lamba nan, mi kake nema kuma? Wagga ko lemun Inna bai kashe ta ba."

Makau ya ce, "Lemun ai ga Barau anka matsa shi."

"Wane Barau?"

"Barau namu. Ni na tsinko lemun, Yaya. Ni na kawo shi da hannuna anka goge mashi lamba. Da ban kawo ba..." Bai taɓa faɗin wannan magana da ƙarfi ba, sai ya ji ta baƙuwa a bakinsa.

Baraka ta daɗe tana kallonsa. Ta yi ƙoƙarin tashi, Hawwa'u ta matso ta tallafe ta.

"Makau, Barau ko ganin dubagari bai yi ba. Da anka ce ga su nan, Inna ta ɗauke mu ni da shi ta jefa cikin rumbu. Kai ta neme ka ta rasa, ka tahi kallon keke, can sunka kama ka. Da ka dawo da jini ga hannu ta aike ka lemu. Kai anka matsa ma. Ta goge, ta goge, har wurin ya yi ja, lambar ta ƙi mutuwa."

"Na ga hannun. Ƙaramin hannu na."

"Awo, ƙarami na. Kai a lokacin babba kake?"

A cikin kansa Makau ya koma ɗakin Inna, ya tsaya inda ya saba tsayawa shekara sittin, ya dubi ɗan hannun nan da ruwan lemu ke gangarowa a kansa. A karo na farko ya bi hannun da ido zuwa sama, ya wuce gwiwa, ya wuce damtse, ya iso kafaɗa. Sai ya ji raɗaɗin tsami a fatarsa, sabo, kamar yanzu aka matsa.

"To kukan hwa? Na ji kukan shi."

"Ƙaiƙayin gero na, da duhu." Ta rufe ido. "Tun cikin rumbu yake son shi yi kuka. Dubagari ya shigo har tsakar gida yana tambaya ko akwai sauran yara. Ina jin takalminshi. Barau ya buɗe baki, ni kuwa na sa hannu na toshe. Na toshe da ƙarfi har ya cije ni. Da na bar shi ya yi kukan nan, da sun ji, da sun hiddo mu sun yi muna lamba." Ta numfasa. "Abin da na kira ka in gaya maka ke nan. Ban son in tahi da shi. Shekara nawa ina ganin ka kana shiru, na ɗauka ka sani, kana jin nauyina na."

"Ni kuwa na ɗauka ke ke jin nauyina."

Hawwa'u ta juya fuska wajen bango. A waje wata kaza tana kiran 'ya'yanta. Makau ya riƙe hannun yayarsa, wannan hannun da ya toshe bakin, ya juya shi yana dubawa. Babu sawun haƙori, babu komai, fata ce kawai ta tsufa.

"Shekararki sha biyu, Yaya," in ji shi. "Inna ta ce ki ɓoye, kin ɓoye. Ita ma tsoro na. Allah shi gafarta muna baki ɗaya."

"Amin." Ta buɗe ido, ta dube shi sama da ƙasa. "Wanga ƙyalle ya yi maka kyau. Ya rufe giɓin."

Ya yi dariya har takunkumin ya motsa. Ita ma ta so ta yi, tari ya hana ta. Da ya lafa sai ta lashi leɓenta da suka bushe.

"Hawwa'u, bakina ɗaci. Ko ruwa ba ya shiga. Da za a samu ɗan abu mai tsami."

"Akwai lemu, Inna, jiya na saya. Bari in nemo wuƙa."

Ta kawo lemun guda biyu da kofin ruwa a kan faranti, ta juya za ta koma madafa. Makau ya ce ta bari. Ya sa hannu a aljihu ya ciro 'yar wuƙarsa ta lambu, ya goge ta da gefen riga. Ya ɗauki lemu ɗaya, ya jujjuya shi a tafin hannu. Kore ne shar, bai kai nauyin da ya zata ba. Ya raba shi biyu, ƙanshin ya ratsa takunkumin ya shiga hancinsa. Ya matsa a cikin kofin, yana tare 'ya'yan da yatsa, ruwan ya gangaro ta wuyan hannunsa.

Ya tallafi kan Baraka ya kai mata kofin baki. Ta kurɓa sau ɗaya, ta huta, ta sake kurɓa.

"Ƙara rabin," in ji ta.

Ya matsa sauran rabin. 'Ya'yan lemun guda uku da suka maƙale a yatsunsa kuwa, ya dube su, ya ciro ledar katunansa, ya naɗe su a ciki tare, ya mayar aljihu.